Yadda Kimiyya Ta Gano Sirrin Nunar 'Ya'yan Itace Da Saurin Lalacewar Rogo

Motar da ta ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan a jihar Kano tana cin tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ta isa kasuwar Mile 12 da ke Legas. A lokacin lodi tumatirin yana da ƙarfi, wani ma bai gama ja ba. Kafin a sauke, na ƙasan kwando ya fashe, na tsakiya ya yi laushi, ruwa na ɗiga daga motar. Asarar tana kan manomi da ɗan kasuwa, amma a ƙarshe mai cefane ne ke biyanta, domin da kuɗin wanda ya tsira ake cike gurbin wanda ya ruɓe.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta tsakanin gona da kasuwa. 'Ya'yan itace, kayan miya da amfanin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Fiye da shekara ɗari masana kimiyyar tsirrai ke binciken dalilin haka, kuma a kan abin da suka gano aka gina na'urorin adana amfanin gona na yau.

Amfanin gona bai mutu ba don an girbe shi

Mangwaron da aka tsinko, ko doyar da aka tono, abu ne mai rai. Yana shaƙar iskar oksijin, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa da zafi. Bambancin kawai shi ne an raba shi da uwarsa, babu inda zai ƙara samun abinci. Kamar waya ce da aka zare daga caji: tana ci gaba da aiki, amma da abin da ke cikin batirinta kaɗai.

Saurin cinye wannan batir ya danganta da zafi. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, numfashin ɗan itace yana ninkawa sau biyu zuwa uku. Wato tumatirin da ya wuni a rana cikin digiri 35 yana tsufa da saurin da ya ninka na wanda ke inuwa mai digiri 25. Idan kuma an cusa shi da yawa wuri guda babu hanyar iska, zafin da shi kansa ke fitarwa yana taruwa ya ƙara hanzarta lalacewarsa.

Etilin, saƙon da ke ba da umarnin nuna

Numfashi kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ayaba ɗaya nunanniya ke jan sauran su nuna ba. Amsar tana cikin wata iska mara launi da ake kira etilin.

A shekarar 1901 wani matashin masani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya lura cewa tsiron wani nau'in wake da yake gwaji da shi a birnin Santa Fitasbag yana kwanciya maimakon ya miƙe sama. Da ya bi diddigi, sai ya gano iskar gas ɗin da ake kunna fitilu da ita ce ke yoyo a ɗakin, kuma etilin ɗin da ke cikinta ne ke canza yadda tsiron ke girma. A 1934 Richard Gane a Ingila ya tabbatar da cewa tuffa da kanta tana samar da wannan iska. Kafin nan, a shekarun 1920, Franklin Kidd da Cyril West na Kambirij sun riga sun nuna cewa numfashin tuffa yana tashi farat ɗaya a daidai lokacin da za ta nuna.

Da aka haɗa waɗannan bincike, sai lamarin ya fito fili. Idan ɗan itace ya ƙosa, yana fara fitar da etilin kaɗan. Wannan kaɗan ɗin yana sa shi ya fitar da ƙari, ƙarin kuma ya jawo wani ƙarin. Tun da iska ce, tana isa ga na kusa da shi, su ma su ɗauka, kamar saƙon da aka tura a zauren WhatsApp kowa ya shiga turawa gaba. Adadin da ake buƙata ƙanƙane ne ƙwarai: ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya tayar da nuna.

Da saƙon ya isa, abubuwa da dama ke faruwa tare. Sitaci ya koma sukari, tsami ya ragu, koren launin ɓawo ya narke, rawaya ko ja ya bayyana, bangon ƙwayoyin naman ɗan itacen ya saki ya yi laushi, ƙamshi ya tashi. Wannan hanya ba ta komawa baya. Ana iya rage mata gudu, amma ba a mayar da nunanne ɗanye.

Makullin da ke cikin ɗan itace

A 1979 Shang Fa Yang da ɗalibinsa Douglas Adams a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano sinadarin da tsiro ke sarrafawa ya zama etilin. A 1993 kuma, a ɗakin binciken Elliot Meyerowitz da ke Caltech, aka gano ƙwayar gadon da ke samar da furotin ɗin da ke karɓar saƙon etilin.

Yadda wannan furotin ke aiki yana da ban mamaki. Idan babu etilin, shi ne ke riƙe da tsarin nuna a kulle. Da etilin ya zauna a kansa, sai ya saki, ƙofa ta buɗe. Saboda haka duk wanda ya samo abin da zai toshe mazaunin etilin ba tare da ya buɗe ƙofar ba, ya samu hanyar jinkirta nuna.

Abin da Edward Sisler da Sylvia Blankenship na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka samo ke nan a shekarun 1990: wata iska mai suna 1-MCP, wadda ke shiga mazaunin ta zauna daram, kamar karyayyen makulli a cikin kwaɗo. Ana sayar da ita da sunan SmartFresh, kuma masu adana tuffa a ƙasashe da yawa suna amfani da ita. Sukan haɗa ta da ɗakunan da aka rufe ruf, inda ake sauke oksijin daga kashi 21 cikin 100 da ke cikin iskar da kowa ke shaƙa zuwa kashi 1 zuwa 3, a sanyin da bai wuce digiri 3 ba. Da wannan ne tuffar da aka tsinka watanni da yawa da suka wuce ke isowa kasuwa da sauran ƙarfinta.

An kuma gwada taɓa ƙwayoyin gadon kai tsaye. A 1994 kamfanin Calgene a Amurka ya fitar da tumatirin Flavr Savr, wanda aka rage masa sinadarin da ke sa laushi. Shi ne abinci na farko da aka sauya wa ƙwayoyin gado da ya shiga kasuwa, amma bai yi riba ba, zuwa 1997 aka daina noma shi.

Ba duka ne ke nuna bayan an tsinka ba

'Ya'yan itace sun kasu gida biyu. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su: ayaba, mangwaro, gwanda, tumatir, gwaiba, fiya da tuffa. Su ne masu fitar da etilin da yawa, kuma su ne ake iya tsinkowa da sauran ƙarfinsu a kai nesa.

Akwai kuma waɗanda zaƙinsu ke tsayawa a ranar da aka raba su da uwa: lemo, abarba, kankana da inabi. Kankanar da aka yanko ba ta ƙosa ba, ko mako nawa ta yi a ajiye ba za ta ƙara zaƙi ba. Etilin yana iya juya ɓawon lemo daga kore zuwa rawaya, amma ba ya ƙara masa sukari. Shi ya sa launin ɓawo ba hujja ba ne a kan lemo, musamman a ƙasashe masu zafi inda yakan nuna yana kore.

Wannan rabe-rabe yana da amfani wajen ajiya. Ganyayyaki irin su latas da kabeji, da kokwamba da karas, etilin cutar da su yake yi: ganye ya yi rawaya, karas ya yi ɗaci. Haɗa su a buhu ko a firij ɗaya da nunanniyar ayaba gajarta musu kwana ne.

Matsalar kabaid

Kamfanonin da ke safarar ayaba tsakanin ƙasashe suna ɗauko ta tana kore a sanyin digiri 13 zuwa 14. Idan ta isa, sai a sa ta a ɗakin nunarwa, a sakar mata etilin kimanin kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan na kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba shi da illa, domin iskar da ayabar ke samarwa da kanta ce aka ba ta.

Inda babu irin wannan ɗaki, wasu 'yan kasuwa sukan koma ga kalsiyam kabaid, dutsen nan da masu walda ke amfani da shi. Idan ya haɗu da danshi yana fitar da iskar asetilin, wadda ke kwaikwayon etilin. Haɗarin shi ne kabaid ɗin masana'anta yana ɗauke da ragowar sinadarai masu guba na asenik da fosfaras, kuma asetilin na kama wuta cikin sauƙi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin cewa haramun ne a nunar da 'ya'yan itace da shi, Indiya ma ta hana. Baya ga haɗarin lafiya, yawanci 'ya'yan da ba su ƙosa ba ake yi wa wannan, sai ɓawo ya yi kyau, ciki kuwa da tauri da tsami.

Akwai hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar sinadari: a sa ƙosasshen mangwaro ko gwanda cikin kwali ko jakar takarda tare da nunanniyar ayaba, a rufe, a ajiye a inuwa. Etilin ɗin ayabar zai yi aikin cikin 'yan kwanaki.

Sanyi magani ne, amma da awo

Tun da zafi ke hanzarta lalacewa, mutum zai ɗauka firij ne maganin komai. Ba haka ba ne. Amfanin gonar ƙasashe masu zafi ba ya jure sanyin firij na gida, wanda ke kusan digiri 4. Ayaba tana baƙi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13. Mangwaro ɗanye yana yin tabo ya ƙi nuna daidai. Doya da dankalin Hausa suna lalacewa daga ciki. Tumatir kuwa, wani bincike da ɗakin gwajin Harry Klee na Jami'ar Fulorida ya fitar a 2016 ya nuna cewa ajiye shi kwanaki a digiri 5 yana rage aikin ƙwayoyin gadon da ke samar masa ƙamshi. Abin da ake buƙata shi ne sanyin da ya dace da kowane iri.

A Najeriya akwai ƙoƙari iri biyu da suka yi suna. Na farko shi ne na Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Yayin da ruwan ke bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan aiki ya kawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe, ƙarfinta na raguwa da damina.

Na biyu shi ne ColdHubs, kamfanin da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015. Yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni da wuraren tara amfanin gona, mai kaya ya biya kuɗin kowane kwandon roba a kullum. Kamfanin ya ce hakan na tsawaita kwanan kayan miya daga kwana 2 zuwa kusan 21.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Rogo, doya da dankali duk tono su ake yi, amma a wurin masana ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci ne ke yanke tsawon kwanansu.

Rogo saiwa ce ta gaskiya. Bayan an dasa itacensa, yana fitar da siraran saiwoyi masu yawa. Cikin wata biyu zuwa uku, kaɗan daga cikinsu ke fara kauri: wani zobe na ƙwayoyi masu rarrabuwa a cikin saiwar yana ta ƙera sababbin ɗakuna, ganye kuma yana turo sukari a mayar da shi sitaci a cika su. Dankalin Hausa ma haka yake, kuma a wurinsa makonnin farko ne ke yanke hukunci. Idan ƙasa ta bushe ƙwarai, ko ruwa ya kwanta, ko takin da ke sa ganye ya yi yawa, saiwar takan yi itace ta tsaya siririya maimakon ta yi ƙiba.

Dankalin Turawa kuwa ba saiwa ba ne, reshe ne da ya bi ƙarƙashin ƙasa bakinsa ya kumbura. A 2011 ƙungiyar Salomé Prat a Madrid ta nuna cewa wani furotin mai suna SP6A ne ke tasowa daga ganye ya sauka ya ba da umarnin fara kumburin. A 2019 masu bincike a ƙarƙashin Uwe Sonnewald a Jami'ar Erlangen ta Jamus suka gano yadda zafi ke danne wannan saƙo. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa noman dankalin Turawa a Najeriya ya fi ƙarfi a wurare masu sanyi na jihar Filato irin su Bokkos da Mangu. Yana kuma buɗe hanyar samar da irin da zai jure zafi.

Doya da dankalin Turawa iri ne a karan kansu, da su ake shuka na baɗi. Saboda haka an halicce su da barci: bayan girbi sukan yi makonni ko watanni ba su tsira ba, kuma suna iya warkar da raunin da fartanya ta ji musu. Dankalin Hausa ma yana warkewa idan an ajiye shi kwana 4 zuwa 7 a wuri mai ɗumin kusan digiri 30 da danshi sosai, kafin a kai shi ma'ajiya.

Rogo ba shi da wannan gata. Da itace ake dasa shi, saiwarsa ba iri ba ce, kuma ba ta iya rufe rauninta da kyau. Da an tono shi, oksijin na shiga ta inda ya karye, wasu sinadarai ciki har da sikofoletin su taru su canza launi. Cikin awa 24 zuwa 72 sai a ga zane-zane shuɗi-baƙi a namansa, ɗanɗano ya canza, masana'anta ta ƙi saye. Ga ƙasar da ta fi kowace noman rogo a duniya, kusan tan miliyan 60 a shekara, wannan babbar matsala ce. Ita ce ta sa manomi ke barin rogo a ƙasa har sai ya samu mai saye, ita ce kuma ta sa ake gaggawar mayar da shi garin kwaki ko alabo.

Hanyoyin da bincike ya tabbatar suna rage matsalar sun haɗa da sare kan rogon mako biyu zuwa uku kafin tono, tono a hankali ba tare da rauni ba, shafe saiwar da kakin kyandir kamar yadda masu fitar da shi waje ke yi a Latin Amurka, da kuma ajiye shi cikin jakar leda da ke riƙe danshi. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar binciken amfanin saiwa ta Umudike suna aikin samar da ingantattun irin rogo da doya, cibiyar NSPRI da ke Ilorin kuma ta keɓanta da binciken ajiya.

Ina waya ta shigo?

Duk abin da aka lissafa ya koma kan abu uku da ake iya aunawa: zafi, danshin iska da etilin. A nan ne fasahar zamani ta samu wurin shiga.

A 2012 ɗakin binciken Timothy Swager a MIT ya ƙera ƙaramin ma'aunin etilin da siraran bututun kabon da jan ƙarfe. Kamfanin Strella na Amurka yana sanya ma'aunan etilin a ɗakunan ajiyar tuffa don mai kaya ya san ɗakin da ya kamata ya fara buɗewa. Akwai na'urorin hannu irin su F-750 na Felix Instruments da ke haska mangwaro da wani haske da ido ba ya gani, su ƙiyasta ƙosawarsa ba tare da an yanka ba. A ɓangaren rogo, manhajar PlantVillage Nuru ta Jami'ar Jihar Fensilbeniya, da aka gina da haɗin gwiwar IITA, tana gane cututtukan ganye ta kyamarar waya ko babu intanet.

Sai dai a yi hattara da manhajojin da ke cewa hoto kaɗai ya isa su faɗi nunar ɗan itace. Kyamarar waya ɓawo take gani. Tana iya yin ƙoƙari a kan ayaba da tumatir, amma akwai mangwaron da ke nuna yana kore, akwai kuma wanda kabaid ya rina alhali cikinsa ɗanye ne. Haka ma ƙananan ma'aunan gas masu araha da ake sayarwa don koyon haɗa na'urori, ba sa bambance etilin da sauran iskoki yadda za a dogara da su.

Zafi da danshi kuwa aunawarsu ba ta da tsada. Ƙaramin allon ESP32 da ma'aunin DHT22 da batir sun isa a haɗa na'urar da za ta riƙa rubuta yanayin ɗakin ajiya ko cikin mota kowane minti goma, ta tura wa waya. Matashin da ya iya ɗan rubuta manhaja zai iya sa irinta a tsakiyar lodin tumatir daga Kano zuwa Legas, a ga a wace awa zafi ke tashi, a kwatanta kwandon gargajiya da na roba, a kwatanta tafiyar dare da ta rana. Irin waɗannan alƙaluma ne ke gamsar da dillali ya canza yadda yake lodi, fiye da dogon bayani.

Kafin a kai ga na'ura, akwai matakan da ba sa cin ko sisi: a yi girbi da sassafe, a kai kaya inuwa nan take, a ware mai rauni daga lafiyayye, a raba masu fitar da etilin da ganyayyaki, a bar wa iska hanya tsakanin kaya, kada kuma a tono rogo sai an san inda za a kai shi cikin kwana biyu.